Babi na Uku da Tauraruwa Mai Wutsiya

Akwai wani hotona a ƙasan akwatin zannuwana. Ina tsaye a kan dutse, sanye da atamfar da na ɗinka don Ista, na kafa ido ɗaya a bakin wata na'ura mai ƙafa uku, na ɗaga hannu ina nuna sama. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa yin kyau a hoto irin na ranar ba. Kuma in ka cire dutsen da atamfar, duk abin da ya rage a cikinsa ƙarya ne. Gefensa na hagu a yage yake, don ni na fizge shi daga cikin kundin digirina a gaban mutum bakwai.

Shekarata goma sha shida ina koyar da fiziks a wata kwaleji a nan Jalingo lokacin da takarda ta sauko daga sama. Duk malamin da bai kammala digiri na biyu ba kafin ƙarshen shekarar karatu mai zuwa, zai bar aji. Aka ce ba kora ba ce, sauyin wurin aiki ne. Nawa sauyin har an riga an yanke shi: ɗakin ajiyar fayil-fayil na ɗalibai, can bayan ofisoshi, ɗaki mai taga ɗaya da warin jemage. Mabuɗin ma tun da wuri aka miƙo mini, wai in fara sabawa. Na jefa shi cikin jaka, ya riƙa yi mini ƙara duk inda na je. Ni kuwa ban iya komai a duniya ba sai tsayuwa gaban allo. Girkina ma haƙuri yarana suke yi da shi. In aka raba ni da aji, na san zama zan yi in bushe a ɗakin nan ina karkaɗe takardun mutane.

Sa'ar da na yi, na riga na fara karatun, na gama darussa, saura kundin bincike kawai. Malamin da aka ba ni ya duba aikina wani dattijo ne Bafulatani, farfesa, siriri, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasashen waje kafin tsufa ya dawo da shi gida. Abokan karatuna duk sun zaɓi abin da ke kusa. Wannan zai auna ƙarar motoci a tasha, wancan zai gwada ruwan rijiyoyin unguwarsu. Da na zauna gabansa sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, kina tsoron lissafi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafi ne ke tsorona."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Boɗɗum." Da Fulatanci yana nufin ya yi kyau, kuma shi ke nan iyakar yabon da yake yi wa mutum. Sai ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mini wani hoto baƙi mai farin tabo a tsakiya. Ya ce wannan tauraruwa mai wutsiya ce, so yake in auna masa yawan ruwan da take zubarwa.

Na ɗauka zolayata yake yi. Ashe da gaske yake.

Tauraruwa mai wutsiya ba tauraruwa ba ce ta gaske. Dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura, girmanta bai wuce na wani babban dutse ko wani gari ba, tana yawo a sanyi can nesa. In hanyarta ta kawo ta kusa da rana, sai ƙanƙarar ta fara tashi ta zama tururi. Hasken rana ya bugi tururin ya farfasa shi, kowace ƙwayar ruwa ta saki ƙwayar haidurojin guda biyu. Wannan haidurojin ɗin shi ne ke bazuwa ya zama gajimare mai faɗin da ya fi ita kanta rana girma. Kuma yana ƙyalli, amma ba da hasken da idonmu ke gani ba. Da wani haske yake ƙyalli wanda ke can gaba da ƙarshen launukan bakan gizo, wanda a kimiyya ake ce wa ultrabayolet. Irin wanda haidurojin ke bayarwa ko ɗigonsa ba ya isowa ƙasa, iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun daga can sama. Ko ka hau dutse mafi tsawo a Taraba, ko ka sayi madubin hangen nesa mai girman gida, ba za ka gan shi ba. Sai kumbon da ke shawagi a wajen iskar duniya ne ke ɗaukar hotonsa, ya aiko ƙasa, masu shi su zuba a rumbu a intanet don duk mai buƙata ya ɗiba.

To daga nan aikin ya zama na kirge. Ƙarfin ƙyallin zai gaya maka yawan ƙwayoyin haidurojin da ke cikin gajimaren. An kuma san tsawon lokacin da kowace ƙwaya ke yi kafin rana ta lalata ta. Dattijon ya ce mini, in kin san yawan mutanen da ke cikin kasuwa, kin kuma san tsawon lokacin da kowa ke yi a ciki, ai kin san mutum nawa ke shigowa ta ƙofa a minti ɗaya ko ba ki tsaya a ƙofar ba. Ki raba biyu, kin sami ruwan.

Faɗi ne mai sauƙi. Wata tara na yi a kai. Matsalar ita ce sararin sama shi kansa yana ƙyalli da wannan hasken, don akwai haidurojin ko'ina, ga wasu taurari masu zafi da ke tsoma baki a hoton. Dole ka nemo hoton wannan yanki na sama tun kafin baƙuwar ta iso wurin, ka cire shi daga na ranar da take nan, abin da ya rage shi ne nata. Sannan ita rana ba kullum ƙarfin haskenta yake ɗaya ba, sai ka nemo na kowace rana ka gyara. Duk da rana tsaka na yi wannan aiki, a ɗakin malamai, tsakanin darasi da darasi, fanka na juya iska mai zafi, abokan aiki na cin gyaɗa suna tambayata ko tauraruwar tawa ta aiko da gaisuwa. Ban taɓa ganinta da idona ba. Ta zo ta wuce shekaru kafin in san da ita. Amma da na jera sakamakona a kan takarda, na ga layin yana hawa yayin da take kusantar rana, ya kai ƙololuwa, ya fara sauka a hankali, sai da na tashi na zagaya teburi sau biyu. Tan-tan na ruwa take zubarwa a kowace daƙiƙa, ni ce kuma na kirga, ni 'yar unguwar Nukkai da ke biyan mai kura ya kawo mini jarka.

Saura wata biyu a kare kundi dattijon ya kwanta rashin lafiya, 'ya'yansa suka tafi da shi asibiti a wani gari mai nisa. Aikina ya koma hannun kodinetan sashen, wani dakta mai son tsari, mutumin kirki a hanyarsa, wanda ko takardar gayyatar biki ka ba shi sai ya duba ko layukan sun daidaita. Ya buɗe kundina, bai tsaya a babi na ɗaya ba, bai tsaya a na biyu ba, kai tsaye ya wuce na uku.

Ya ce, "Madam, ina yankin bincikenki?"

A sashenmu, kowane kundi babinsa na uku iri ɗaya ne tun da aka kafa wurin. Za ka fara da taswirar jiha, sai ta Jalingo, ka faɗi watannin damina da na rani, ka lissafa ƙabilu da sana'o'i. Bayan nan sai hoton ɗalibi a filin aiki, yana riƙe da abin awonsa, don a tabbatar shi ya yi da kansa, ba sayowa ya yi ba. Ban ce al'adar ba ta da dalili ba. An sha kama masu kwafe. Amma ni me zan sa?

Na ce, "Dakta, yankin bincikena yana sama, ya fi rana faɗi."

Ya ce, "Madam, ba wasa nake ba. Wanda zai zo daga waje ya jarraba ku sau ɗaya yake zuwa a shekara. In ya buɗe ya ga babu taswira, babu hoton fili, zai ce a intanet kika kwaso. Ya ce ki dawo baɗi. Kina da baɗi?"

Ba ni da baɗi, ya kuma sani. Mabuɗin nan yana cikin jakar da ke kan cinyata.

Sai ya sassauta murya. "Ba mijinki ma'aikacin safiyo ba ne? Yana da abin nan mai ƙafa uku. Ki hau dutse, ki leƙa ciki, a ɗauke ki. Wa zai tambaya? Tsari ne kawai."

Na yi gardama, Allah ya sani na yi. Na ce masa hasken ba ya saukowa ƙasa, na rubuta haka da hannuna a babi na biyu. Ya ce ba mai karanta babi na biyu. Na fito raina a ɓace, na hau keke napep, kafin mu haye gadar Nukkai na riga na yanke shawarar zan yi.

Mijina mai awon filaye ne. Shekara ashirin yana kafa turakun iyaka daga unguwar Barade har ƙauyukan bayan gari, kuma mutum ne da ba ya ɗaga murya, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan in muna faɗa. Na same shi yana ɓare gasasshiyar doya a tsakar gida. Na faɗa masa abin da nake so. Ya ci gaba da kankare doyarsa.

Ya ce, "Malama, wannan na'urar in na yi ƙarya da ita taku ɗaya, wa da ƙani sai su daina gaisawa har jikokinsu. Ban taɓa yi ba."

Na ce, "Baban yara, wa ya ce ka auna wani abu? Tsayuwa kawai zan yi kusa da ita."

"Ki tsaya kusa da ita ki ce me?"

Nan fa na fashe. Na ce masa shi ba a ba shi mabuɗin ɗakin jemagu ba. Na ce gaskiyarsa ta yi masa daɗi tunda ba shi za a cire daga aikinsa ba. Na ce wata tara ina ƙona idona, yanzu saboda hoto ɗaya zai tsaya yana mini wa'azi, in fasto yake son zama ya je ya nemi coci. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ya yanka doyar biyu ya tura mini rabi, na ƙi ci.

Ran Asabar da safe na fito na tarar ya ɗaure akwatin na'urar a bayan babur. Ya ce, "Sa atamfarki mu je."

Muka hau wani dutse a bayan gari, rana ta riga ta ɗaga, ina haki ina riƙe zani. Ya baje ƙafafun nan uku, ya dasa su, ya ɗora na'urar. Sai ya tsaya yana murɗa ƙananan sukurori yana kallon wata kumfa a cikin ɗan gilashi, har sai ta zauna daidai tsakiya. Ya fi minti goma.

Na ce, "Haba, hoto ne fa kawai. Wa zai ga kumfar?"

Ya ce, "Ni."

Ya ɗauke ni hoton da wayarsa, sau ɗaya, bai ce in yi murmushi ba. Na ce mu tafi. Ya ce a'a, tunda an wahalar da ita ta hawo, ba za ta koma gida ba ta auna komai ba. Ya juya ta ga wani dutse da ke can tsallaken kwari, ya leƙa, ya rubuta a ɗan littafinsa. Ya ja tef ya matsa gaba, ya sake dasawa, ya sake leƙawa. Ya zauna a inuwa ya yi lissafi da fensir, sannan ya gaya mini tsawon dutsen nan da bai taɓa takawa ba. Na ce ya aka yi ya tabbata. Ya ce duk mai shakka ya zo ya dasa tasa na'urar, zai sami abin da ya samu. Ya naɗe kayansa muka sauko.

Aka wanke hoton a wani shago a unguwar Kachalla Sembe, aka manna shi a babi na uku bayan taswirar Jalingo da bayanin damina. A ƙasansa na sa aka buga cewa mai bincike ce a filin aiki. Kodineta ya gani ya ce yanzu kundi ya zama kundi. Aka ɗinke kwafi bakwai da baƙar fata da rubutun ruwan zinariya. Ban kira dattijona na gaya masa ba. Na ce wa kaina ba na son damun mara lafiya, amma na san kunya ce.

Ranar kare kundi ta faɗo a tsakiyar zafin bazara. Wanda aka ce zai zo daga waje ashe mace ce, wata farfesa gajeriya mai furfura, da jakar hannu da ta tsufa da gorar ruwa. Mu biyar ne a ranar, ni ce ta huɗu. Waɗanda suka riga ni shiga suka fito suna share zufa, suka ce matar nan kowane shafi ta karanta, har ta ja layi da jan biro.

Na shiga ƙarfe goma sha ɗaya da wani abu. Ita a tsakiya, malaman sashe biyar a gefe da gefe, kodineta a ƙarshen teburi. Na yi bayanina na minti goma sha biyar. Ta saurara tana gyaɗa kai. Da na gama sai ta buɗe kwafinta a inda ta saƙala 'yar takarda, ta juyo da shi gare ni. Ga ni nan a kan dutse cikin atamfa.

Da Turanci ta tambaya, a hankali, kamar mai tambayar kuɗin tumatir. Ta ce, "Da wannan na'urar kika ɗauki awonki?"

Na dubi kodineta. Ya ɗan saukar da haɓarsa, wato in ce e. Kalma ɗaya ce, in faɗe ta in wuce. Wataƙila ta bari, wataƙila tarko ne. Amma ba wannan lissafin ne ya tsayar da ni ba. Idona ne ya faɗa kan na'urar a cikin hoton, a tsaye cak, na tuna mutumin nan a durƙushe cikin rana yana daidaita kumfar da ba mai gani.

Na ce, "A'a, Ma. Wannan ta awon filaye ce, ta mijina. Ko tsuntsu ban gani da ita ba. Hasken da na auna ba ya isowa ƙasa. Hoton ƙarya ne."

Wani malami ya ajiye bironsa. Kodineta ya zuba wa silin ido.

Ta ce, "Wa ya sa ki?"

Da na so, da na nuna shi da yatsa, kuma a lokacin bakina na ƙaiƙayi. Amma ba shi ya ɗauke ni ya kai kan dutsen ba. Na ce, "Da ƙafata na hau, Ma."

Ta rufe kundin ta ɗora hannu a kai. Sai ta juya Hausa, Hausa mai kyau irin ta can arewa. Ta ce, "'Yata, tun a babi na biyu na san hoton nan ba gaskiya ba ne, ke kika gaya mini da rubutunki. Abin da ban sani ba shi ne sauran. Wadda ta manna wannan, me zai hana ta manna lambobi? Faɗa mini dalilin da zai sa in yarda da ko shafi ɗaya."

Wallahi na ji maganar har cikin ƙashina, don ta yi gaskiya. Wata tara na aiki na tsakani da Allah, na ɗora masa ƙarya ɗaya ta rufe shi duka. Hawaye suka taho, na mayar da su da ƙarfi, haushi ya maye gurbinsu. Haushin kaina ne, amma ya yi mini amfani.

Na ce, "Kar ki yarda da ko ɗaya, Ma. Ki zaɓi rana. Kowace rana a cikin jadawalin nan. Kwamfutata tana nan, hotunan kumbon suna ciki yadda na ɗebo su, ban taɓa su ba. In yi a gabanki daga farko. In abin da ya fito bai yi daidai da na littafin ba, ki kayar da ni, ba sai na dawo baɗi ba."

Ta buɗe jadawalin, ta rufe lambar sakamakon da babban yatsanta, ta ce, "Wannan."

Rana ce mai wuya ta zaɓa, da gangan na tabbata, don ran nan wani tauraro mai zafi ya zauna a gefen gajimaren yana lalata hoton. Na ce a ba ni alli. Wani ya ce biron allo ake amfani da shi yanzu, na ce a ba ni duk abin da ke rubutu, sai aka lalubo mini guntun alli. Na cire takalmana masu tsini na ture su ƙarƙashin teburi, na tsaya gaban allo, nan take na manta da wanda ke ɗakin. Nan ne gidana. Na buɗe hoton, na nuna musu tabon. Na kawo hoton wurin kafin tauraruwar ta iso, na cire. Na zagaye tauraron nan mai katsalandan na fitar da shi, na faɗi dalilin da ya sa na cike gurbinsa da abin da ke ɗaya gefen. Farfesar ta tare ni: me ya sa ban ɗauki hasken bango daga kusurwar hoton ba, ai ya fi sauƙi? Na ce don kusurwar ma cike take da haidurojin ɗin tauraruwar, in na cire shi na cuci kaina. Ta ce ƙarfin rana fa? Na nuna mata na ranar. Ta ce me ya sa na raba biyu? Na zana mata ƙwayar ruwa na farfasa ta a allo yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Wani malami da ke gyangyaɗi tun da safe ya miƙe zaune. Zufa ta jiƙa mini riga har baya, allon ya cika, na share da tafin hannu na ci gaba.

Kusan awa ɗaya muka yi. Na rubuta lambar ƙarshe a ƙasan allo, na ja mata layi biyu, na juyo.

Ta ɗaga yatsanta daga kan shafin. Ta dubi littafi, ta dubi allo. Ta tura wa na kusa da ita ya gani, shi ma ya tura wa na gaba, har ya kai ga kodineta. Iri ɗaya ne.

Ta sha ruwa daga gorarta. Ta ce, "Shekaru ina zuwa wurare ina ganin hotunan ɗalibai riƙe da abin awo. Yau ne na ga filin aiki." Sai ta turo mini kundin. "Cire shi da kanki."

Na kama hoton na fizge, ƙarar ta cika ɗakin. Ta ce na ci, da sharaɗi ɗaya: in sake rubuta babi na uku cikin mako biyu. Kada in cire yankin bincike, tunda al'adar gidan ce, amma in sa na gaskiya.

Na fito ba takalmi, sai da wata ɗaliba ta biyo ni da su. Mijina yana zaune kan babur a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya bar aiki ya zo ban sani ba. Ya dubi hoton da ke hannuna, ya dubi yagaggen gefensa. Bai tambaye ni ko na ci ba.

Ya ce, "Kin faɗa?"

Na ce, "Na faɗa."

Ya gyaɗa kai ya tayar da babur. Sai da muka kai kwana na dake shi a baya na ce, "Kai ba za ka tambayi sakamako ba? Na ci, mutumin nan, na ci." Ya ce ya sani, tun daga nesa ya ga hannuna fari fat da alli. A kan babur ɗin nan na yi kukan da na hana kaina a ciki, ina dariya ina kuka, mutane na kallonmu a hanya ban damu ba. Da yamma na kira dattijona na gaya masa komai, har hoton. Da na gama ya ce, "Boɗɗum," sau biyu. Bai taɓa faɗa mini sau biyu ba.

Sabuwar taswirar mijina ne ya taya ni zanawa, da ma'auninsa na ofis, don ya ce ba za a sa taswira marar sikeli a gidansa ba. Babbar da'ira, gajimaren haidurojin. A gefe ƙaramar da'ira, rana, don a kwatanta. Da na kai wa kodineta ya daɗe yana kallo. Ba mu taɓa tayar da maganar ranar nan ba, ni da shi, har yau. Ya ce, "Madam, ya yi kyau. Amma ina Jalingo?"

Na karɓi bironsa na ɗiga ɗigo ɗaya a gefen shafin. Na ce, "Wannan duniya ce, Dakta, kuma na ƙara mata girma. Jalingo na ciki."

Ya yi dariya, ya sa hannu.

Ran Litinin da ta biyo bayan fitowar takardata, na biya ta ofis tun ƙarfe bakwai da rabi. Na zazzage jakata a kan teburin sakatare, na tsamo mabuɗin ɗakin fayil daga cikin tarkacen, na ajiye masa. Ya ce in sa hannu a littafi cewa na mayar. Na sa, na ce ya ba ni kwalin alli sabo. Ina da 'yan aji ɗaya ƙarfe takwas, kuma tun daga baranda ina jin surutunsu.